Igiyar Baba Sodangi

"Jamilatu, wa ke buga turke bayan ɗakina?"

Ina tsugune a gindin murhu muryar ta tsallako katanga. Katanga ɗaya ce ta raba gidanmu da na Baba Sodangi, kuma tun da aka kawo ni gidan nan shekara goma sha bakwai da suka wuce ban taɓa yin tari bai ce mini sannu ba. Na yi kamar ban ji ba, na ci gaba da hura wuta. Ya sake kira. A wannan karon muryar ta tsinke masa a tsakiya, sai da ya yi tari sannan ya ƙarasa sunana.

"Ciyaman ne da mutanensa, Baba. Zana suke kafawa."

"Zanar mi?"

"Ta baƙin gobe."

Na san Baba Sodangi, wannan amsar ba za ta gamsar da shi ba. Na sauke tukunya, na ja mayafi na zagaya.

Na same shi a ƙofar ɗaki kan tabarma, 'yarsa Karima tana yi masa fifita da faifai. Ƙarshen bazara ne, irin zafin nan da kaji ke yawo baki buɗe. Ƙafafunsa sun kumbura har fatar tana ƙyalli, kuma wata uku ke nan rabonsa da ƙofar gida. A asibiti sun ce zuciya ce, suka ba shi ƙwayoyi suka ce ya daina aikin ƙarfi, kamar da sauran ƙarfin. Karima kaɗai ta rage masa. Mijinta ya rasu, ta dawo gida da 'ya'ya mata biyu, kuma in ka cire wannan gida mai ɗaki biyu ba ta da inda za ta sa haƙarƙarinta a duniya.

Bayan ɗakin tsohon kuwa kwari ne. Lokacin da na zo Gangaren Marke ɗan lambatu ne, yara na tsallake shi da gudu. Sai ruwan sama ya canja hali. Ya ƙi zuwa kwana ashirin ko talatin har shuka ta ƙone, ranar da ya ga dama kuma ya juye na wata guda a yini ɗaya, kuma duk ruwan tudu ta nan yake gangarowa. Lambatun ya ci hanyar shanu, ya ci gonakin bayan gari, ya ci rumbun Baba Sodangi da makewayinsa. Yanzu in namiji ya tsaya a ciki da wani a kafaɗarsa ba za ka hango hular na saman ba. Gidan Baba Sodangi ne na ƙarshe a bakinsa, namu ne na biye.

Ba a jima ba Zakiyyu ya yi sallama ya shigo yana share gumi da hula. Shi ne ciyaman ɗin kwamitinmu, mai shagon cajin waya a gefen masallaci, mutum mai son ganin komai a jere. Ya durƙusa har ƙasa ya gai da tsohon. Wannan kam ba a raba shi da ita, Zakiyyu bai taɓa cutar babba a tsaye ba.

"Zakiyyu, abin da munka shekara ukku muna kuka a kai, shi kake rufe ma mutane?"

"Baba, ba kukanmu za su zo saurare ba, awo za su zo yi. Su ga abin da muka yi da abin da suka ba mu. Garin da ya ci, shi ake ƙara mawa. Wanda suka tarar komi ya lalace, su ce an yi asarar kaya, su soke sunanshi."

"Wa ya hwaɗa maka haka?"

"Ai ko makaranta haka take, Baba. Ka taɓa ganin an ba wanda ya faɗi kyauta?"

"To kwarin mu munka gina shi?"

"Baba, ku kuka koya mana ba a nuna ma baƙo bayan gida. In an ba mu zango na biyu, gidanka za a fara tarewa."

Ya miƙe ya kaɗe gwiwa ya fita. Muna ji aka ci gaba da buga turaku.

Shekara uku ke nan da shirin ya zo mana. Wata ƙungiya ce da haɗin gwiwar hukuma, suka ce za su koya wa garuruwa irin namu tsayuwa da ƙafarsu in damina ta yi gardama. Suka ce ba za su zaɓar mana ba, mu za mu zaɓa. Aka kafa kwamiti, aka ce dole a sa mata uku, ta nan na tsinci kaina ciki, don an san bakina ba ya jin nauyi. Aka zana abubuwa a ƙasa a gindin marke, ga famfo, ga akuya, ga itace, ga kwari. Aka ba kowane babba tsakuwa ɗaya ya ɗora kan abin da ya fi damun sa. Tsakuwar kwari ta yi tsibi har tana gangarowa kan ta akuya. Jami'in ya tafa mana, ya ce mun nuna wayewa, amma aikin kwari babba ne, sai zango na biyu. A na farko muka sami famfo mai sola, da awaki ashirin na mata, da wurin renon itatuwa, da zuwa bita Kankia inda ake ba mu shinkafa da lemo.

Famfon ya yi wata goma sha huɗu ya tsaya. Awakin kuwa, farin bara ya sa muka kai kusan rabinsu kasuwa muka komo da hatsi, tawa ma tana ciki. Itatuwan kuma, Baba Sodangi ne ya rene su, ya dasa su a jere a bakin kwarin yana ɗebo musu ruwa a ka, ruwan yini ɗaya ya tafi da su har da ƙasar da suke kai.

Shi ya sa a wannan mako, da aka ce masu shirin za su zo dubawa, kowa ya tashi tsaye. Mata muka yi kwana biyu muna jidar ruwa daga rijiyar hanyar garin Boko, maza suna ɗura wa tankin famfo da jarka. Zakiyyu ya kwaso dashe ɗari biyu daga Kankia. Aka je rugar su Adda mai kawo mana nono aka aro awaki tara. Ni dai ban ga laifin ko ɗaya ba, ba zan yi muku ƙarya ba. Haka muka taso, in baƙo zai zo a tura tsumma ƙarƙashin gado a shimfiɗa sabuwar tabarma ko da ta aro ce. Kuma ina son zango na biyun nan kamar raina, tunda na san gidan da ke bin na Baba Sodangi a layi.

Da Zakiyyu ya fita, tsohon ya ce Karima ta sauko masa da igiya daga kan ƙusa. Igiyar rama ce da ya tufka da hannunsa. Tun ranar tsakuwa ya kafa turke a gindin bangon ɗakinsa, duk ƙarshen damina sai ya ja igiyar daga turken zuwa bakin kwari ya ƙulla. Ba wanda ya sa shi. Ya warware ta a kan cinya yana nuna mini.

"Wanga ƙulli, ranar da sunka zo, gaba goma sha ukku." Ya buɗe hannuwansa iyakar yadda suka yarda, don in ga abin da yake kira gaba. "Wanga tara. Wanga biyar. Wanga na bara, biyu. Ni ban iya takarda ba, Jamilatu, amma duk wanda ya riƙe igiyar ga ya san abin da ya rage. Gobe ni zan ba su da hannuna."

Na ce Allah ya kai mu, na koma wajen tukunyata.

Washegari da sassafe ya sa Karima ta ɗora masa ruwa. Ya yi wanka, ya sa farar rigarsa ta Idi da hula, ya aika a gaya wa Zakiyyu a turo mutum biyu su ɗauke shi zuwa ƙofar zaure, nan zai jira baƙi. Zakiyyu ya zo da kansa, amma bai shiga ba. Daga zaure ya ɗaga murya ya ce Baba ya huta, in baƙi sun natsa za a zo a ɗauke shi. Ina leƙe ta ƙofarmu na ga ya jawo ƙyauren ya ɗaure shi da waya ta waje, ya murɗa ta sau uku. 'Ya'yan Karima sun riga sun fita wajen yaran da za su yi waƙar maraba, saura ita da ubanta.

Akwai inda katangarmu ta gajarta, ta nan muke miƙa wa juna garwashi da gishiri. Na taka turmi na leƙa. Yana zaune a jingine da bangon ɗaki, fes da shi kamar mai jiran a tafi Masallacin Idi, igiyar a naɗe a hannunsa.

"Sun ɗaure ni, Jamilatu," ya ce.

"Za a zo a ɗauke ka, Baba."

"Ba za a zo ba. Na san ɗan nan tun yana rarrafe." Ya miƙa wa Karima igiyar, ta miƙo mini ta kan katanga. "Ke ce ba ki tsoron kowa garin ga. In sun tara ku mata, ki ba su. Ba sai kin yi dogon bayani ba, ki ce su warware su gani."

"Zan ba su, Baba."

"Kin ce?"

"Na ce."

Na naɗa ta a ƙugu, na ɗaura zani a kai. A lokacin, wallahi, da niyyar bayarwa na karɓa.

Baƙin suka iso da hantsi a farar mota, maza uku da mace ɗaya. Yara suka yi waƙa, mai unguwa ya yi jawabi, Zakiyyu ya yi wanda ya fi nasa tsawo. Aka je famfo, aka ce wata yarinya ta murɗa, ruwan da muka jido a ka ya zubo shar, aka yi tafi. Aka jera awaki ashirin cif, na aro suna ta fisgar igiya suna neman hanyar ruga. Daga nan aka kai su bayan gari. Zana ta miƙe sabuwa fil daga bangon Baba Sodangi har gaban gidanmu, an jera dashen Kankia a gabanta an yayyafa musu ruwa. Zakiyyu ya ce shingen sabon wurin reno ne, don awaki. Suka ɗauki hoto. Taku huɗu ne tsakanin takalmansu da bakin kwarin, ba wanda ya leƙa.

Wajen sha biyu na koma gida ɗaukar kwanonin abinci, sai na ji muryar Karima ƙasa ƙasa.

"Yaya Jamilatu, zo ki duba mani shi. Tun ɗazu bai motsa ba."

Na taka turmi na haura. Yana nan inda na bar shi, hular ta ɗan zame gefe, fuskarsa tana kallon ƙofar zaure. Na taɓa wuyansa, na kara kunci a hancinsa. Na yi salati na shafe masa idanu. Karima ta zube a ƙasa. Na sake haurawa na je na yafito Zakiyyu daga cikin taro.

Ya kwance wayar ya shigo. Da ya gan shi ya cire hula ya yi ta Inna lillahi, har da hawaye, kuma na yarda na gaske ne. Sannan ya goge fuska ya dubi agogon wayarsa.

"Kada wanda ya ji sai sun tafi."

Karima ta ɗago kai.

"In aka faɗa yanzu taro ya watse," ya ce. "Kowa gidan nan zai yo, su ma za su shigo gaisuwa, mazansu su bi jana'iza. Hanyar maƙabarta kuwa ta bayan zanar nan take. Awa ukku ne kawai."

"Ubana zai kwanta cikin zafin ga awa ukku? Liman na nan, mutane na nan, mi ake jira?"

Zakiyyu ya juyo, ni ya duba. Na so a ce shi ya faɗi abin da aka faɗa daga nan, amma ni ce.

"Karima, shi ya riga ya tahi. Gidan ga ake ƙoƙarin tsirar maki da shi, ke da ɗiyanki. Ki daure."

Ta buɗe baki za ta kurma ihu, na rufe mata shi da tafin hannuna. Na danna sosai, har na ji haƙoranta a fatata. Na riƙe ta a haka, ƙirjinta yana harbawa, sai da ihun ya koma ciki. Sannan ni da Zakiyyu muka ja tabarmar da tsohon a kai zuwa cikin ɗaki. Na rufe shi da zanen Karima, na yayyafa ruwa a daɓen don ya yi sanyi. Zakiyyu ya fita ya sake murɗa wayarsa. Ni kuma na haura na ɗauki kwanonina.

Bayan azahar aka raba mu, maza gindin marke, mata tsakar gidana kamar yadda aka tsara tun farko. Mu goma sha biyu ne a kan tabarmi. Baƙuwar, Malama Rukayya, ta ƙi kujera ta zauna a ƙasa tare da mu, ta jingina bayanta da katangar nan. Mace ce mai sanyin magana, ta cire takalmi, ta karɓi jaririn wata ta ɗora a cinya. Ta yi ta tambaya tana dannawa a waya. Ana jin maganar mata a kwamiti? Ana ji. In famfo ya lalace wa ke gyarawa? Kwamiti. Da farin bara ya zo me kuka yi? Awakin shirin ne suka riƙe mu. Wannan ta ƙarshe ma ai ba ƙarya ba ce.

Duk wannan lokaci ina jin wani sauti daga bayan katanga, fat, fat, fat. Sauran matan ba su kula ba. Ni na san faifai ne, Karima ke korar ƙudaje.

Malama Rukayya ta ajiye wayar a kan tabarma.

"Ni na taɓa zuwa garin nan, ranar da kuka ɗora tsakuwa. Akwai wani tsoho da ya kama hannun rigata ya kai ni ya nuna mini kwarinku, ya ce zai riƙa auna shi. Yana nan?"

Matan suka juyo gare ni. Ba su san ya mutu ba, sun dai san an ɗaure masa ƙofa.

"An kai shi asibiti Kankia," na ce.

"Ayya. Allah ya ba shi lafiya."

Mata goma sha ɗaya suka ce amin.

"To kwarin fa? Yana ci har yanzu?"

Gumi ya jiƙa igiyar, ramar tana cizo na a ƙugu. Ƙulli ɗaya yana daidai kan ƙashin kwankwasona. Abin da ya rage kawai in sassauta zani in zaro ta. Na tuna famfo, na tuna awakin Adda, na tuna gawar da na ja da hannuna. Na ce a raina in na zaro igiyar nan komai zai biyo ta, a ce kwamiti maƙaryata ne, a soke mu, kuma a ce Jamilatu ce ta kashe gari.

"Ya tsaya," na ce. "Tun da aka dasa itatuwa bai ƙara ci ba."

Ta daɗe tana kallona.

"Kin tabbata? Ba laifi muka zo nema ba, kuma ba jarrabawa ba ce. Abin da kuka faɗa mini shi zan rubuta, ba ni da wani abu sai shi."

Na ce a zuciyata ai duk mai jarrabawa haka yake cewa. A fili kuma na ce, "Malama, ga gidana kina zaune ciki. Da yana ci ai da ba ki same mu nan ba."

Mata suka yi dariya, ita ma ta yi murmushi ta ɗauki wayarta ta danna. Ta ce duk da haka tana so ta leƙa shi kafin su tafi. Da ta fita Zakiyyu ya ce abinci na hucewa. Da aka ci abinci aka ce la'asar ta yi. Da aka idar mai unguwa ya kawo kyautar zabi biyu da jawabin godiya, direba kuma ya fara buga ƙaho yana cewa ba a bin hanyar nan in rana ta yi sanyi. Ta ɗago mini hannu ta tagar mota. Awa ukun Zakiyyu ta zama biyar.

Ƙurar motar ba ta kwanta ba aka sanar. Liman ya tambayi Zakiyyu yaushe abin ya faru, ya ce yanzun nan. Amma masu wanka ba a yi musu wannan ƙaryar. Sun daɗe a ciki, suka aiko a ƙaro turare, da suka fito kuma ba wanda suka kalla. Mijina Ashiru yana cikin masu ɗaukar makara, shi ya gaya mini sai da aka yanke zana biyu da adda kafin a sami hanya, aka bi ta gefen kwarin ɗaya bayan ɗaya ana dafa bango. Ana kiran magariba ana tura ƙasa. Mutumin da bai taɓa jin mutuwa daga nan har Boko ya zauna ba, sahu biyu ne suka yi masa salla, don ba a sami lokacin aikawa ko'ina ba.

Karima ba ta tona ba. Ta zauna karɓar gaisuwa, in an ce ya haƙuri ta ce da godiya. Ni ce mai dafa abincin makoki, ni ce mai shimfiɗa tabarmi, ina ta kai da kawo kamar wata 'yar'uwa ta jini. Ranar uku da mutane suka ragu ta same ni a gindin randa.

"Kin ba su?"

Na shiga gida na ɗauko igiyar daga ƙasan akwati na kawo mata. Na fara cewa wani abu game da zango na biyu. Ta dubi igiyar a hannuna, ba ta karɓa ba.

"Riƙe abinki," ta ce. "Ke za ta yi ma amfani nan gaba."

Daga ranar ba ta ƙara yi mini magana ba. In tana son garwashi sai ta zagaya har gida na uku.

Mako shida bayan haka aka kira Zakiyyu Kankia, ya dawo da takardar yabo a cikin gilashi, da wata wasiƙa. Aka tara mu gindin marke ya karanta wasiƙar. Cikin garuruwa goma sha huɗu Gangaren Marke ce ta ɗaya. Famfo na aiki, awaki sun cika, mata na da murya, zaizayar ƙasa ta tsaya. Aka yi ta tafi, wata ma ta rangaɗa guɗa. Ya ci gaba da karatu, muryarsa tana raguwa. Tunda garin ya nuna ya iya tsayuwa da ƙafarsa, shirin ya miƙa wa kwamiti ragamar komai. Zango na biyu, da simintinsa da duwatsunsa, za a kai shi garuruwan da aka tarar suna cikin matsi. Na farko a cikinsu wani ƙauye ne ta wajen Tafashiya, waɗanda muka ji labari muka yi ta yi wa dariya, don sun kai baƙi gaban busasshen famfo sun yi ta zagin juna a gabansu.

Wata tsohuwa da ba ta ji sosai ta ce, "To yaushe za a fara aikin kwarin?"

Zakiyyu ya naɗe wasiƙar ya sa a aljihu. Daga baya shi da Ashiru sun koma ofishin da hotunan kwarin a waya. Aka ce musu rahoto ya riga ya wuce sama, kuma in suna so a rubuta cewa kwamiti ya yi ƙarya to su kawo a rubuce su sa hannu. Suka dawo. Gilashin yana nan rataye a shagonsa, sama da wayoyin caji.

Ruwan farko da na biyu yayyafi ne. Na uku ya sauko ranar wata Alhamis bayan azahar, kafin la'asar bangon baya na ɗakin Baba Sodangi ya tafi. Ban ji faɗuwarsa ba saboda ƙarar ruwa, ƙasa dai na ji ta motsa a ƙarƙashin ƙafata. Ɗakin Karima ya tsage daga sama har ƙasa.

Da safe ta kira mai amalanke. Aka ɓamɓare kwanon rufi, aka cire ƙyauren ɗaki da na zaure, aka ɗora tukwane da katifa a kai. Kusada za ta, wurin wata gwaggonta da ta ce za ta ba ta rumfa. Ta bi gida gida tana sallama da mata, tana neman gafara kamar yadda ake yi. Ina tsaye a ƙofar gidana da kwaryar gero da na auna mata. Ta fito daga gidan da ke gabanmu, ta wuce ni, ta shiga na bayanmu.

Shanun suka ja. Gabas ta riga ta fara haɗa wani hadarin. 'Yar ƙaramar, Sumayya, tana zaune can sama kan ƙyaure, da ta hango ni ta washe baki ta shiga ɗago mini hannu. Karima tana tafe a ƙasa gefen amalanken. Ba ta waiwayo ba, ta miƙa hannu sama ta kama na yarinyar ta sauke shi a hankali, ta riƙe shi a haka har suka sha kwana.